Harbin Ƙafa da Motsin Yatsan Nu'umanu

Ni na riga kowa gani. A fara rubuta wannan kafin a rubuta komai. Kafin uban yarinyar, kafin uwar yaron, kafin ma ita mai soyayyar da ba ta rabuwa da waya, ni Bube mai haƙar rijiya na dubi ƙafar nan na ce ba shi ba ne. Ban taɓa zama aji ba. Ko da girman raƙumi anka rubuta sunana, sai in wuce shi ban gaishe shi ba. Baki nake sa wa wayar nan, masu shafin intanet su juye muku a rubuce. Amma rijiya ta rufta da ni a Kebbe tun iyayenku na yawo ba wando, anka tono ni ana salati, har anka fara cigiyar likkafani. Ga ni nan ina cin tuwo da hannuna. Masu cigiyar likkafanin kuwa duk ni na raka su.

Kamila jikata ce, ɗiyar ɗana Shafi'u, gida ɗaya muke a Tambuwal. Ni matata nake ce mata, ita kuma ta ce da ni angon da ba ya tauna nama. Ɗinki take yi a ɗakin da ke kallon zaurena, saboda haka duk wanda ya zo wurinta sai ya bi ta kaina. Samari sun zo, na kore su da ido. Nu'umanu ne ya gagare ni. Ɗan Kebbe ne, hatsi yake saye ran kasuwa. Zai shigo da shadda ruwan toka wadda ta sha guga, hula a karkace, turare na riga shi sallama, ya durƙusa ya aje mini goro ya ce, “Baba, ga toshiyar baki, na zaka sace maka mata.” In ce masa ɓarawon da ke sallama ai ya fi ƙarfin mai gida. Anka kawo lefe, anka jera akwatunan a ɗakin uwarta, anka sa rana bayan kaka.

Sai ƙaddara ta gitta. Yana bisa mota yana gyara buhunan gero, igiya ta tsinke, ya faɗo ta baya. Anka kwashe shi sai asibiti a Sakkwato. Da anka sallamo shi, likitoci sunka ce lakar bayansa ta bugu amma ba ta tsinke duka ba, sai motsa jiki da haƙuri, sauran na Allah ne. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba abin da yake iya motsawa.

Kun san mutane. Ranar farko addu'a, ta biyu jaje, ta uku lissafi. Gwaggwannin Kamila sunka fara sintiri a gidanmu, kowace da mayafi a kafaɗa da magana a baki. Shafi'u ba mugu ba ne, ni na haife shi, na san shi. Tsoro ne ke cin sa, kada ɗiyarsa ta ƙare ƙuruciyarta tana juya mutum bisa katifa. Rannan ya kira ta tsakar gida, ina zaune bisa buzuna ina ji.

“Kamila, ran Juma'a ni da kaina za ni Kebbe. In nig ga alama ta sauƙi, kayan lefe su zauna. In ban gani ba, akwatunan ga su koma. Ban son gardama.”

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabi. “To, Baba. Amma da ni za a tafi.”

“Mi za ki yi can?”

“Dubiya. Ko ita an hana?”

Ni na amsa masa, na ce da ni da matata duk za mu, in motar ba ta ɗaukarmu shi ya bi mu da ƙafa.

Ana jibi za mu tafi, da la'asar, tana guga a bakin ƙofa cikin doguwar rigar atamfa mai zanen ganye, ɗankwali ya zame mata rabin kai, sai wayarta ta yi ƙara. Ta duba. Ta saki dutsen guga bisa zanen mutane ta yo kaina da gudu ba takalmi.

“Ango! Ango, duba! Ya motsa! Wallahi ya motsa!”

Hoto ne mai motsi anka turo mata daga Kebbe. Ga Nu'umanu kwance, ga uwarsa Marka durƙushe wajen ƙafafunsa da kibiyar kitso a hannu. Ta ja bakin kibiyar a tafin ƙafarsa. Kafin ƙiftawar ido ƙafar ta zabura, gwiwa ta naɗe, dunduniya ta kwashe kwanon fura ya tafi yana kuka. Mata sunka ɗau guɗa.

Na ce, “Maido shi baya.”

Ta maido. Wannan karon ban dubi ƙafar ba, fuskarsa na duba. Yaron kallon ƙafar yake kamar yadda mutum ke kallon akuyar maƙwabta ta shigo masa ɗaki.

Na ce, “Wanga ba shi na ba.”

“Kamar yaya ba shi na ba? Ƙafar wa ta?”

“Ƙafatai ta. Amma ba shi yay yi harbin ba.”

Murnar ta bushe a fuskarta. Na so in haɗiye maganata, amma ba a haɗiye abin da ya riga ya fita. Sai na zaunar da ita na ba ta labarin da ba ta taɓa tsayawa ta ji ƙarshensa ba.

Lokacin da anka tono ni daga rijiyar nan, haka na kwanta, damina ta zo ta wuce ina kallon rufin ɗaki. Anka kawo wanzami ya yi mini ƙaho. Da askarsa ta taɓa mini ƙafa, ƙafar nan ta harbe shi a ƙirji, ƙato guda ya faɗi zaune cikin kayan aikinsa. Gida ya ɗauka Bube ya warke. Ni kuwa a lokacin ƙuda na zaune bisa babban yatsana yana wanke hannu, ina aika wa yatsan saƙo ya kore shi, ko gezau. Ƙafar da ta kayar da wanzami ta kasa korar ƙuda. A nan na gane jikin mutum masu mulki biyu gare shi. Akwai sarki a ka. Akwai mai unguwa a gadon baya. In ka taka garwashi, mai unguwa ba ya jiran a kai ƙara fada, nan take yake janye ƙafa, sai daga baya labari ya isa wurin sarki ka ce wayyo. Shi ya sa nasa aikin ke da sauri, hanyarsa gajera ce. In kuwa hanyar fada ta toshe, sai mai unguwa ya ga ba mai tsawata masa, ya riƙa yin abu da ƙarfin da ya wuce kima. Ƙuda ya taɓa, ya kai duka da taɓarya. Saƙon sarki kuwa tafiya ce mai nisa, in hanya ta lalace, a makare yake isowa, a gajiye, da ƙyar ya ɗaga yatsa ɗaya. Amma shi ne naka. Da shi ake tashi.

Ta sake duban wayar. Can ta ce, “Likitan da ke motsa mai jiki ma ya taɓa faɗin irin haka. Na ɗauka wanga daban na.” Sai ta matso ta kama mini hannun riga. “To Ango, ka yi kurum ran Juma'a. Baba bai san wanga ba. In yag ga harbin, shi ke nan. Don Allah.”

Ni Bube in ga abu in yi shiru? Tun da uwata ta haife ni ba a taɓa roƙona abu mai wuya irin wannan ba. Amma idon yarinyar ya cika. Na ce na ji.

Ƙaurin zanen da ta ƙone ne ya tashe ta. Tana can tana kakkaɓe shi, wayar ta sake ƙara a gefena. Saƙon murya ne daga Nu'umanu. Ta dawo ta kunna shi a hankali, ta manta kunnena ya fi idona lafiya.

“Kamila, kin ga abin da Inna tat turo. Ban iya hana ta murna ba, ta daɗe ba ta yi dariya ba. Amma ba ni niy yi ba. Ban ma san za ta tashi ba sai da nig ga kwano na gudu. In Baba yat tambaye ni, gaskiya za ni faɗi. Ban ɗaura miki aure bisa ƙarya. In anka maido kaya, ni na yafe, ke ma ki yafe mini.”

Ta kunna shi sau biyu. Ba ta yi kuka ba. Ta gyara ɗankwali, ta danna wayar ta kai bakinta.

“Wa yan nemi yafiyarka? Ka aje ta, za ka buƙace ta ranar da niƙ ƙona maka miya. Kai dai ka yi aski ran Juma'a, na ga gemun nan ya zama daji.”

Ta aika, ta juyo gare ni. “Ango, kai da kat tashi, da mi kaf fara?”

“Da babban yatsa.”

“To yatsa za mu tambaya.”

Ta sake tura masa saƙo ya gwada yatsan. Amsar ta dawo cewa kullum yana gwadawa, bai taɓa ganin komai ba. Kun ji fa. Haka munka shiga mota ran Juma'a, ba mu da komai a hannu sai taurin kanta.

Ta sa abaya baƙa mai ɗinkin zare ruwan zuma a hannu, wadda ta ɗinka da kanta, da mayafi mai geza, ta riƙe kular farfesun kaza bisa cinya tun daga Tambuwal har Kebbe ba ta bari ta karkata ba. Shafi'u na gaba yana jan carbi. Ba wanda ya yi magana sai ni, ina nuna musu garuruwan da na haƙa wa rijiya.

Bayan an sauko daga masallaci anka shigar da mu. Ɗakin an share shi an yayyafa ruwa, an kunna turaren wuta, amma warin man zafi ya fi ƙarfinsa. Nu'umanu na kan katifa a ƙasa, an jingina shi da matasai, farar jallabiya, ya yi askin kuwa. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Da ya gan ni ya yi murmushi.

“Baba, ka ga ɓarawo ya faɗo daga katanga.”

Na ce, “Ai ban zaka dubiya ba, na zaka in tabbatar.”

Kamila ta zauna daga bakin ƙofa kusa da Marka, ta gaishe shi kanta a ƙasa kamar ba ita ke yi masa tsiya a waya ba. Anka gama gaisuwa, anka yi addu'a. Marka ba ta iya jira ba. Ta zaro kibiyar daga gashinta.

“Malam Shafi'u, matso ka gani da idonka. Matso dai.”

Ya matso ya tsuguna. Ta ja kibiyar. Ƙafar ta zabura da ƙarfin da ya fi na hoton, gwiwar ta kusa kwashe masa haɓa, hularsa ta faɗi. Ya ja da baya yana dariya yana faɗin masha Allah, masha Allah. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ashe shi ma neman dalilin barin kayan yake.

“Ai wanga ƙarfi ya fi nawa! To alhamdu lillahi. Inna Marka, kaya kam...”

Kamila ta dube ni. Na cusa goro a baki na datse. Na rantse muku gumi na yi.

“Baba.” Nu'umanu ne. “Kada ka ƙarasa. Ba ni niy yi ba.”

Marka ta juya kamar an watsa mata ruwan zafi. “Kai! Rufe mana baki! Wa yat tambaye ka?”

“Inna, ki yi haƙuri. Baba, in an soke ta tana harbi, ko ina barci. Amma in ni nic ce ta motsa, ba ta ji. Gaskiyar ke nan.”

Marka ta sa gefen zane ta rufe fuska. Shafi'u ya ɗauki hularsa, ya kaɗe ta a gwiwa, ya daɗe yana kaɗe ta. Sannan ya miƙe.

“Allah shi yi maka albarka, Nu'umanu. Ka yi halin manya. Allah shi ba ka lafiya.” Ya dubi ƙofa. “Kamila, tashi.”

Ba ta tashi ba.

“Baba, alama kac ce za ka duba. Kibiya anka tambaya, ba a tambaye shi ba. Kai ka tambaye shi. Kowa shi janye hannu, kai ka ba shi umurni da bakinka.”

“Ba ki ji abin da yac ce ba?”

“Na ji. Ƙafa yac ce. Ni yatsa nika so.”

Nan fa aiki ya zo hannun mai shi. Na tofar da goron. Na ce a miƙo mini tsintsiyar laushi. Na zaɓi tsinke biyu dogaye, miƙaƙƙu. Na ce ina zare, kafin a motsa Kamila ta fizge geza daga mayafinta ta miƙo. Na ɗaura tsinke ɗaya a kowane babban yatsa, a hankali yadda ba zan tsokani mai unguwa ba, bakin tsinken na kallon rufi. Dabarar kakar Kamila ce, uwargidana Tambaya, Allah ya jiƙanta, ita ta yi mini haka. Motsin da ido ba ya gani a yatsa, in ya hau dogon tsinke sai ya girma a can ƙarshe. Na sa anka kashe fanka, anka saki labule don kada a ce iska ce.

Na ce, “Shafi'u, kira wadda kaka so. Kada ka faɗi sai ka shirya.”

Ya tsaya da hula a hannu. “Hagu.”

Munka zuba ido. Shiru. Bai fi numfashi biyu ba ya ce, “To, kun gani.”

Na ce, “Kai, ko kai da nika ƙwala wa kira daga zaure, nan take kaka amsawa? Da ƙafafunka biyu lafiya sai na kira ukku. Saƙo na bisa hanya, kuma hanyar ta lalace. Tsaya!”

Ya tsaya. Munka jira har jijiyar wuyan yaron ta tashi. Tsinken hagu bai motsa ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, ko kaɗan bai motsa ba. Nu'umanu ya saki numfashi ya kau da kai wajen bango.

Kamila ta ce, “Saura ɗaya, Baba.”

Shafi'u ya dube ta, ya dubi yaron. “Dama.”

Nu'umanu ya rufe ido. Ya damƙe bakin katifa da hannu biyu. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya gangaro ta gefen hanci, ya ɗiga bisa jallabiya. Mutumin da ke ɗaga buhun gero shi kaɗai, ga shi yana kokawa da tsinken tsintsiya. Ana jin kukan tattabaru a waje. Marka ta leƙo ta gefen zane. Na ji Kamila tana karanta wani abu can ƙasa-ƙasa.

Sai bakin tsinken ya sunkuya. Kaɗan, a hankali, kamar kan gero in tsuntsu ya sauka a kai.

Na riga kowa gani, wannan ma a rubuta.

Shafi'u ya durƙusa har gwiwarsa ta bugi ƙasa. “Tsaya,” ya ce. Tsinken ya tsaya. “Koma motsawa.” Munka jira. Ya daɗe fiye da na farko, sannan ya sunkuya, bai kai na farko ba. “Koma.” Wannan karon bai zo ba. Yaron ya faɗa bisa matasai yana haki kamar wanda ya yi noman yini.

Shafi'u ya ce, “Ɗan wanga motsi? Bayan wancan harbin?”

Na ce, “Wancan harbin, ce mai shi tsaya ka gani in yana jin ka. Wanga kai kak kira shi yaz zo, kac ce shi tsaya yat tsaya. Wane na mutum cikinsu?”

Ya daɗe yana kallon tsinken. Marka na kuka a fili yanzu, tana dukan kafaɗar ɗanta tana cewa ɗan banza, ka kusa kashe ni. Shi kuwa Nu'umanu ba yatsan yake kallo ba, Kamila yake kallo.

Can Shafi'u ya sa hularsa. “Kaya su zauna. Amma rana sai an ɗaga, sai hagu ta amsa.”

Kamila ta dubi ubanta ido cikin ido, karo na farko tun shigowarmu. “Baba, a bar rana inda take. In hagu za ta amsa, ta amsa a ɗakina. In ba ta amsa ba, ni na amsa.”

Shafi'u ya juyo gare ni kamar ni na sa ta. “Baba, kana jin ta?”

“Ina ji. Ni ma da za ka ba ni ita da na fi so, amma ta ƙi ni.”

Marka ta yi dariya cikin kuka. Shafi'u ya girgiza kai, ya nufi ƙofa, ya tsaya yana neman takalminsa da ƙafa. Bai juyo ba ya ce, “Bayan kaka anka ce. To Allah shi kai mu bayan kaka.”

Kamila ta tura kular farfesun gaban Marka, ta tashi ta bi ubanta. A mota ne ta fashe da kukan da ta riƙe tun ranar hoton, ta jiƙa mini kafaɗar riga sharkaf.

Da anka kai yaron wurin likitansa anka nuna masa, ya ce abin da suke jira ke nan, a ci gaba da motsa jiki, amma bai yi alkawarin tafiya ba. Ni ma ban yi ba. Har yau da nake wannan magana hagu ba ta ce uffan ba, gero kuwa ya fara sunkuyar da kai a gona, gwaggwanni sun daina gaishe ni. Kamila na can tana ɗinka labulen ɗakinta, keken ba ya hutawa.

Na ji an ce wasunku masu karatu na rubutawa a ƙasa wai tsoho na ƙara gishiri, wai jikin mutum ba ya motsi sai da izininsa. To ga fili ga mai doki. Ka zo Tambuwal, ka tambayi zauren Bube mai rijiya, ko akuya ka tambaya za ta nuna maka. Ka hau bencina ka saki ƙafa tana lilo, ka rantse da girman ubanka ba za ka motsa ta ba. Ni kuma in ɗan ƙwanƙwasa maka ƙasan ƙoƙon gwiwa da gefen hannun nan da ya haƙa rabin rijiyoyin ƙasar nan. In ƙafarka ba ta yi tsalle ta bar ka zaune ba, ka cire mini hula gaban jama'a ka tafi da ita.